Roba a Cikin Halittun Ƙasan Teku: Tambayoyi da Amsoshi daga Damagaram

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa a bakin ɗaliban sakandare da na jami'a, da ƴan fada masu fita aikin gayya na kwashe shara, da wasu iyayenmu mata, duk lokacin da zancen roba da teku ya taso a nan Damagaram. Batun shi ne ɓarɓashin robar da masu bincike suka samu a cikin ƙananan halittun da ke zaune a can ƙasan teku. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa ita kaɗai.

Mene ne ɓarɓashin roba, kuma ina bambancinsa da ledar da muke gani a juji?

Asalinsu ɗaya. Masana suna ba da wannan suna ga duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba, wato daga girman ƙwayar dawa zuwa abin da ido ba ya iya gani. Roba ba ta ruɓewa ta koma ƙasa yadda kara ko ganye yake yi. Rana da zafi da gogayya ne suke cinye ƙarfinta, ta bushe, ta tsattsage, ta dagargaje. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohon buhun shinkafa da ya yi watanni a kan katanga ya ga haka da idonsa: yana kamawa sai buhun ya yage, wani farin gari ya maƙale masa a tafin hannu, iska ta kwashe sauran. Wannan gari roba ce har yanzu, girmanta kawai ya ragu.

Akwai kuma wanda tun farko ƙarami yake fitowa, kamar zaren da ke zuba daga tufafin nailan da foliyesta, da ƙurar da tayar mota ke bari a kan kwalta. Richard Thompson na Jami'ar Filimos a Ingila shi da abokan aikinsa ne suka ja hankalin duniya kan lamarin a 2004. A 1950 robar da duniya ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba, yau kuwa ta haura tan miliyan 400 a kowace shekara. Wani lissafi da aka fitar a 2017 ya nuna cewa cikin dukan sharar robar da aka tara zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna juji ko suna warwatse a ƙasa da ruwa.

Waɗanne halittu ake nufi, kuma zurfin nawa ake magana?

Dangin ƙaguwa da jatan lande ne, masu ɓawo a waje maimakon ƙashi a ciki. Waɗanda suka fi shiga wannan zance su ne amfifod, ƴan ƙanana masu lanƙwasasshen baya, yawancinsu ba su wuce ƴan santimitoci ba, ko da yake akwai wani nau'i mai suna Alicella gigantea da ke haura santimita 30.

Hasken rana yana raguwa ƙwarai daga mita 200, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin dare da rana. Matsakaicin zurfin teku kusan mita 3,700 ne, amma akwai dogayen ramuka da suka faro daga mita 6,000 zuwa kusan 11,000. Mafi zurfinsu shi ne Ramin Mariyana a yammacin Tekun Fasifik, kusa da tsibirin Guwam. Da za a tsayar da Dutsen Everest mai tsawon mita 8,849 a cikinsa, da ruwan kusan kilomita 2 ya rage a saman ƙololuwarsa. A can nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau 1,000, sanyi kuma bai fi digiri 1 zuwa 3 ba. A irin wannan wuri amfifod suke rayuwa, suna hayayyafa, da yawan gaske.

Wa ya gano cewa suna haɗiye roba, kuma me aka samu?

Binciken da aka fi ambata shi ne na Alan Jamieson da abokan aikinsa na Jami'ar Niyukasil a Ingila, wanda ya fito a 2019. Sun buɗe cikin amfifod 90 da aka kamo daga ramuka 6 na Tekun Fasifik: na Japan, da Izu-Bonin, da Mariyana, da Kamadek, da Niyu Hebridis, da na gaɓar Peru da Chile, daga zurfin mita 7,000 zuwa 10,890. Kashi 72 cikin 100 suna da aƙalla guntu ɗaya na abin da hannun ɗan Adam ya ƙera. A ramin da abin ya fi sauƙi, rabinsu ne. A Mariyana, mafi zurfin duka, babu ko ɗaya da aka buɗe aka tarar da cikinsa fes.

Halitta 90 ba ta da yawa idan aka dubi faɗin teku, kuma bai kamata mutum ya ɗauki kashi 72 ya ce haka kowane lungu yake ba. Abin da ya ba sakamakon nauyi shi ne nisan da ke tsakanin ramukan, dubban kilomitoci, amma ba a samu ko rami ɗaya da ya tsira ba. Kafin wannan, a 2016, masana daga jami'o'in Okusfod da Biristol sun samu irin zaren a jikin ƙaguwoyi da wasu halittu daga zurfin mita 300 zuwa 1,800 a Tekun Atlantika da Tekun Indiya. A yammacin Sikotland kuma, da aka koma kan dangin tauraron teku da aka adana a kwalabe tun 1976, sai aka tarar da roba a cikinsu tun a wancan lokaci. Matsalar ta daɗe, ganinta ne ya zo a makare.

Yaya ake kamo abu daga zurfin kilomita 10?

Ba mutum ke sauka ba. Ana haɗa wani ƙarfe mai ƙafafu, a ɗaura masa kyamara da tarko mai kifi a ciki, da ƙarafa masu nauyi a ƙasa da abubuwan da ke sa shi taso a sama, sai a sake shi daga jirgin ruwa ba tare da igiya ba. Yana ɗaukar awoyi kafin ya dira. Amfifod suna jin ƙamshin kifin, su yi dandazo su shiga tarkon. Idan lokaci ya yi, jirgin ya aika sauti ta cikin ruwa, ƙugiya ta saki ƙarafan, na'urar ta taso da kanta. Masu binciken suna duba ƙarshen hanji ne, domin abin da ya isa can an ci shi tun kafin halittar ta shiga tarko.

Malam, ai roba ba ta nitsewa. Yaya aka yi ta kai can ƙasa?

Wata ba ta nitsewa, wata tana nitsewa. Robar leda da ta jarka da ta buhu ba su kai ruwan teku nauyi ba, shi ya sa suke yawo a sama. Amma robar gorar lemo, da nailan, da robar bututun famfo sun fi ruwa nauyi, da zarar iskar cikinsu ta fita sai ƙasa. Ita ma mai yawon ba ta dawwama a sama. Cikin ƴan makonni gansakuka da ƙwayoyin halitta suke lulluɓe ta, nauyinta ya ƙaru, ta fara sauka.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan muhimmanci ga ƙananan ɓarɓashi. Kullum matattun ƙananan halittu da kashinsu da yauƙinsu suna dunƙulewa suna zuba daga saman teku zuwa ƙasa, kuma wannan zuba ita ce abincin mazauna duhu. Zaren roba yana maƙalewa a cikin dunƙulen, su sauka tare. Sannan akwai zaftarewar laka daga bakin nahiyoyi, da igiyoyin ruwa masu tafiya a can ƙasa suna share ɓarɓashi suna tara shi wuri guda. A 2020 an ƙirga guntaye har miliyan 1.9 a cikin murabba'in mita ɗaya na lakar ƙasan Bahar Rum, a yammacin Italiya.

Ramukan kuwa, gefunansu a gangare suke, kuma suna kan layin girgizar ƙasa. Duk abin da ya faɗa gefe, girgiza tana tura shi tsakiya, daga nan kuma babu inda zai ƙara gangarawa. Babu rana da za ta ƙona shi, babu zafi, saboda haka lalacewarsa tana tafiya a hankali ƙwarai. Tun a 1998 kyamarar masu binciken Japan ta ɗauki hoton leda a zurfin mita 10,898 a Mariyana.

Me ya sa yawancin abin da ake samu zare ne, ba guntun leda ba?

A binciken 2019 da aka ambata a sama, fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka ciro zare ne, kuma shuɗi ya fi yawa. Tufafi da kayan kamun kifi ne manyan tushensa. Wani gwaji a Filimos a 2016 ya nuna cewa wankin kilo 6 na tufafin akirilik a injin wanki yana iya sakin zare fiye da 700,000. Igiyoyi da komar masunta su ma suna gogewa suna zubar da nasu.

Mu da muke wanki da hannu muna ganinsa ba tare da na'ura ba. Idan aka wanke bargon roba ko rigar sanyi ta gwanjo, a bar ruwan ya kwanta a baho, za a ga wani gashi-gashi mai launi ya taru a gindi, wani kuma ya manne a yatsu. Shi ne wannan zare. Wani ɓangare na abin da aka samu a cikin amfifod ba daga man fetur ya fito ba, irin su rayon ne da ake sarrafawa daga itace, a rina shi a masana'anta. Wannan ya sa wasu masana suke raba lissafinsa da na roba zalla, kuma raba su ɗin shi ne daidai. Sai dai ko wanne ne, daga jikin tufar mutum ya fito.

Me ya sa suke cin abin da ba abinci ba?

Yunwa ce. A can ƙasa abinci yana zuwa jefi-jefi, halittar da ta tsaya zaɓe kuwa ba za ta kai labari ba. Amfifod suna cin mushen kifi, da laka, da ɓawon ƴan'uwansu. Nau'in da ke zaune a ƙarshen Mariyana, Hirondellea gigas, har itacen da ya nitse yana iya narkarwa. Robar da ta iso gare su kuma ta riga ta sha gansakuka a hanya, ƙamshinta ya zama na abinci. Wani lokaci ma ba su ne suka fara haɗiye ta ba, tana cikin mushen da suka ci.

Shin yana yi musu illa, ko yana wucewa ne kawai?

Mahautanmu sun san amsar wannan a kan dabbobin gida, kuma gani ya kori ji. Akuya ko tunkiya tana yawon bakin juji, cikinta a kumbure amma ƙashin bayanta a waje, ba ta cin dusa ko an ba ta. Ranar da aka yanka ta aka farke tumbi, sai a ciro dunƙulen baƙar leda da igiya a murɗe, mai tauri, har da nauyi a hannu. Yunwa ke cinta alhali cikinta a cike. Kusan haka ake gani a wani babban jatan lande mai suna Nephrops norvegicus da Turawa ke ci. A 2011 an duba waɗanda aka kamo a Tekun Kilaid na Sikotland, kashi 83 cikin 100 suna da roba a ciki, wasu zaren ya nannaɗe ya zama ƙwallo. An ga irin ƙwallon a cikin jan jatan landen zurfi, Aristeus antennatus, a gaɓar Sifaniya.

Da aka ajiye Nephrops a ɗakin gwaji na tsawon watanni 8 ana haɗa musu abinci da zaren igiyar roba, cinsu ya ragu, nauyinsu ya ragu, kitsen da suke ajiyewa ya ragu. Gwajin da aka yi kan ƙaguwar bakin teku shi ma ya nuna raguwar ci da ta ƙarfin girma. Abin da ke taimaka musu shi ne saɓa: idan suka tuɓe ɓawo, fatar cikin tumbinsu ma tana fita, ta tafi da abin da ya taru. Mata masu ɗauke da ƙwai na dogon lokaci, waɗanda ba sa yawan saɓa, su ne robar ta fi daɗewa a cikinsu.

Amfifod na ramuka ba sa jure fitowa sama, canjin zafi da nauyin ruwa yana kashe yawancinsu, saboda haka hujjar illa ta fito ne daga danginsu na ruwa mara zurfi. A ganina hujjar ta isa a damu. Halittar da ke jiran abinci makonni ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓata wajen niƙa zare.

Gaskiya ne akwai halittar da aka raɗa wa sunan roba?

Gaskiya ne. A 2020 Johanna Weston da abokan aikinta sun bayyana wani sabon nau'in amfifod daga Mariyana, wanda aka kamo tsakanin mita 6,010 da 6,949, suka sa masa suna Eurythenes plasticus. A hanjin ɗaya daga cikinsu an samu zare mai tsawon milimita 0.65, irin robar da ake yin gorar ruwa da yadin foliyesta da ita. Kafin ɗan Adam ya san da wanzuwar wannan halitta, shararsa ta riga ta shiga cikinta.

An ce su ma suna ƙara dagargaza robar. Yaya abin yake?

Dangin ƙaguwa suna da wasu haƙora masu tauri a cikin tumbi da suke niƙa abinci da su. A 2020 masu bincike a tsibirin Sardiniya sun lura cewa guntayen robar da ke hanjin Nephrops sun fi na tumbinsa ƙanƙanta da yawa, alamar cewa an niƙa su a hanya. Kafin nan, a 2018, an ba ƙananan jatan landen Tekun Antatika, waɗanda ake kira kiril, ƙwayoyin roba masu faɗin kusan maikuromita 31, suka mayar da su ƙasa da maikuromita 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Wannan ba tsaftacewa ba ce. Duk lokacin da guntu ya ƙanƙance, halittun da za su iya haɗiye shi suna ƙaruwa, kuma mafi ƙanƙanta yana iya ratsa bangon hanji ya shiga jiki. Na'urorin ƙirga ma ba sa kama shi da sauƙi, saboda haka alƙaluman da aka kawo a amsoshin baya na abin da ake iya gani ne kawai.

Ban da toshe ciki, akwai guba a ciki?

Akwai ta fuska biyu. Ana zuba wa roba sinadarai tun a masana'anta domin ta yi laushi, ko ta yi launi, ko ta ƙi kama wuta, kuma suna iya fita a hankali. Sannan roba tana jan wasu gubobi masu ƙin ruwa su manne mata. A 2017 ƙungiyar Jamieson ta auna sinadarin PCB a jikin amfifod na Mariyana da Kamadek. An yi amfani da shi a na'urorin lantarki daga shekarun 1930 zuwa na 1970, aka hana shi saboda haɗarinsa. A wasu samfuran Mariyana, yawansa ya ninka sau 50 na ƙaguwoyin gonakin shinkafa da ke shan ruwan Kogin Liyawo, ɗaya daga cikin kogunan Sin mafi gurɓata. Gubar tana sauka ne ta hanyar mushe da dunƙulen abincin da aka bayyana a amsar nitsewar roba, robar kuma tana bin wannan hanya ɗaya. Tana taruwa a kitse, idan kifi ya ci amfifod ta koma jikinsa.

Mu da ke kusan kilomita 1,000 daga teku, ledar Damagaram tana kaiwa can?

Yawancinta ba ta kaiwa, kuma gara a faɗi haka a fili da a tsorata yara da abin da ba haka yake ba. Kogin Kwara yana ratsa Yamai da Gaya ya faɗa Tekun Atlantika ta Najeriya, kuma wani lissafi na 2017 ya sa shi cikin koguna 10 da suka fi kai roba teku, ko da yake wani na 2021 ya nuna cewa nauyin ya rarrabu a kan koguna fiye da 1,000. Gulbin Maraɗi ma yana haɗuwa da Rima, ya bi ta Sakkwato ya shiga Kwara. Mu kuwa muna cikin kwarin Tabkin Chadi. Ruwan da ya gangara ta Korama gabas ya nufa, Tabkin Chadi kuma ba shi da mafita zuwa teku.

Wannan ba albishir ba ne. Ledar da ta fita daga Kasuwar Dole, da ta ruwan sanyi da ake sha a jefar a tasha, da ta unguwannin Birni da Zango da Garin Malam, tana nan tare da mu. Damina tana kwashe ta daga magudanai ta zuba a tabkunan gari. Rani ya zo ruwa ya ja baya, rana ta gasa ta a kan laka, ta farfashe. Daga wannan laka ake buga tubali, a wannan ruwa dabbobi ke sha, da shi wasu ke ban-ruwan lambu, a cikinsa yara ke kama tarwaɗa. Wata kuma iska ta kai ta gona, ko ta shiga tare da takin juji da ake ɗauka a amalanke, ta hana ruwa ratsa ƙasa. Mutanen bakin teku kogi yana ɗauke musu wani kaso, mu babu mai ɗauke mana.

Hanya ɗaya ce take iya fitar da namu waje, ita ce iska. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana ƙetare Atlantika har Kudancin Amurka, kuma an tabbatar cewa zaren roba yana tafiya a iska, domin a 2019 an same shi yana sauka a tsaunukan Firenis na Faransa, nesa da kowane babban gari. Sannan muna da hannu ta wajen saye. Atamfar roba da takalma da bokiti da gwanjon da ke shigo mana ta Kano da Kwatano, wasunsu a garuruwan bakin ruwa aka ƙera su ko aka wanke su.

To Malam, mu daina ba yara kifi da busasshen jatan lande ke nan?

A'a, Hajiya, kada a daina. Amfifod na ramuka ba a cin su, ba sa zuwa kowace kasuwa. Busasshen jatan landen da ake dakawa a miya daga ruwan gaɓa mara zurfi yake fitowa. A kifi, yawancin ɓarɓashin yana cikin hanji ne, idan aka farke aka wanke da kyau an rage shi sosai. Ƙananan da ake ci ɗungurungum su ne suke shiga da kayan cikinsu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta duba lamarin a 2017, ta ga cewa gubar da ke shiga jikin mutum ta wannan hanya kaɗan ce idan aka gwada da sauran hanyoyi. A yankin da tamowa ke kwantar da yara kowace shekara, hana yaro kifi ya fi robar cikin kifin haɗari nesa ba kusa ba.

Roba dai tana shiga jikin mutum. A 2022 masu bincike a Holan sun same ta a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada. Hanyoyin da suka fi kusa da mu su ne kunu da koko da miya masu zafi da ake ƙullawa a leda, da ledar ruwa da ta wuni a rana, da ƙurar ɗaki, da hayaƙin da za a yi bayaninsa a amsa ta gaba. Zafi yana saurin fitar da sinadarai da ɓarɓashi daga roba. A aiki yaro da kwanon sha ko langa mai murfi idan zai sayo abu mai zafi.

Idan muka ƙona ta fa, ba shi ke nan ba?

Ƙonawa a fili tana mayar da matsalar ƙasa ta zama ta huhu. Wutar juji ba ta kai zafin da zai cinye robar gaba ɗaya ba, sai ta bar baƙin hayaƙi da toka mai ɗauke da guntaye. Idan akwai robar bututu ko fatar wayar lantarki a ciki, tana fitar da dayoksin, wanda yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Abin da ya fi damuna shi ne hura gawayi da leda, domin mai hurawar a durƙushe take, fuskarta a kan kurfoti, sau da yawa da goyo a baya. Tsinken kara ko busasshiyar ciyawa ko takarda sun wadatar.

Akwai doka a kai?

A Nijar akwai doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ajiye ledoji marasa kauri. Duk wanda ya shiga kasuwa ya san ledar ba ta tafi ko'ina ba. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma sun ga canji saboda sun tsare iyaka sun kuma hukunta masu shigowa da ita. A nan iyakarmu da Najeriya doguwa ce, mai awara da mai tumatir kuma ba a ba su abin da zai maye gurbin leda a farashin da za su iya ba. Masu saƙar kaba na ƙauyukanmu suna da rabin amsar, in da za a saya daga gare su da yawa.

A matakin duniya, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a watan Maris 2022 cewa za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa kan gurɓatar roba. Zaman Busan na Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 ya watse ba a cimma matsaya ba, haka na Janeba a Agusta 2025. Babban saɓanin shi ne ko za a rage yawan robar da ake ƙerawa, ko a tsaya kan kwashe shara kawai. Abin da aka samu a ramukan teku yana goyon bayan masu cewa a rage, domin babu mai iya tsince zare daga laka a zurfin kilomita 10.

Yaya ake tabbatar da cewa zaren ba daga rigar mai binciken ya faɗo ba, kuma ɗalibi a nan zai iya irin wannan aiki?

Wannan tambaya ce ta masu ilimi, domin zare yana yawo a iskar kowane ɗaki. Masu aikin suna sa rigar auduga zalla, su tace duk ruwan da za su yi amfani da shi, su wanke kayan aiki, su rufe samfur duk lokacin da ba a kansa suke ba. Suna kuma ajiye faranti mai jiƙaƙƙiyar takardar tacewa a gefe, ba komai a kansa, har a gama. Duk zaren da ya sauka a kansa daga iska ne, sai a cire irinsa daga lissafi. Daga nan a haska kowane guntu da na'urar hasken infirared, wadda ke nuna irin robar da aka yi shi da ita.

Wannan na'ura tana da tsada, amma matakin farko bai fi ƙarfin ɗalibin Jami'ar André Salifou ko na ajin kimiyya a sakandare ba. A ɗebo lakar bakin tabki da cokalin ƙarfe a zuba a kwalba, a shanya ta a rufe, a auna nauyinta. A narkar da gishiri a ruwan da aka tace har ya ƙi narkewa, a zuba lakar, a motsa, a bari ta kwana. Robar leda da ta buhu za su taso, a tace su a duba a madubin ƙara girma. Robar gora da ta bututu ba za su taso a ruwan gishiri ba, saboda haka a rubuta cewa lissafin na masu sauƙin nauyi ne. Idan ana shakkar wani zare, a kusanto masa da allura mai zafi: na roba yana lanƙwashewa ko ya narke, na auduga ba ya yi. Ana iya yin haka da hanjin tarwaɗa ko karfasa daga tabkin Gidimuni ko tabkunan cikin gari, a rubuta tsawon kifin da wurin da aka kama shi da watan da aka kama shi, a ɗauki samfur ɗaya a ƙarshen damina, a sake ɗaukar wani a wuri ɗaya a tsakiyar rani, kuma kada a manta da farantin gefe.